Faɗuwa Ta Zo Daidai Da Zama: Yadda Wanda Aka Kayar a Gasar Nuna Fasaha Kan Zama Tauraro

1.0 Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2004, gidan talabijin na Fox da ke ƙasar Amurka ya nuna wani ɗalibi mai suna William Hung yana tsaye gaban alƙalai uku na gasar waƙa da ake kira American Idol. Ya kama waƙa yana taka rawa, amma bai yi nisa ba aka dakatar da shi. Ɗaya daga cikin alƙalan ya kasa riƙe dariya, wani kuma ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa bai iya waƙa ba, bai kuma iya rawa ba. Aka sallame shi tun daga bakin ƙofa. Bayan wata uku da nuna wannan shiri, faifan waƙoƙinsa ya shiga kasuwa, mutane suka yi ta saye. A cikin wannan gasa dai, ta wannan shekara, an fitar da wata budurwa mai suna Jennifer Hudson a matsayi na bakwai. Ba a cika shekara uku ba sai ga ta riƙe da lambar Oscar, watau lambar yabo mafi daraja a sana'ar fim ta Amurka.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda irin wannan abu yake faruwa. Za a dubi yadda aka tsara gasar, da dalilan da kan sa gwani ya faɗi, da hanyoyin da waɗanda aka kayar suka bi har suka yi suna, sa'an nan a dubi abin da ke sa sunan wani ya ɗore, na wani kuma ya dushe. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, mutum ɗaya ake bai wa kambi, amma idon jama'a kuwa rabawa ake yi, kuma idon nan ya fi kambin tsada.

2.0 Tashe da Shahara

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance kalmomi biyu da Bahaushe yake amfani da su wajen maganar suna, watau tashe da shahara. Ba tashen watan azumi ake nufi a nan ba. Idan aka ce wane yana tashe, ana nufin shi ne bakin mutane yake kai a wannan lokaci. A cikin kalmar kanta akwai ƙanshin ƙarewa, domin akan ce tashensa ya wuce. Shahara kuwa suna ce da ta zauna da gindinta, wadda ba ta bukatar a riƙa tuna wa mutane ita kullum. Makaɗi yana iya yin tashe da waƙa ɗaya a kaka ɗaya, amma ba a ce masa shahararre sai ya shekara da shekaru ana gayyatarsa.

Da wannan ma'auni za a auna mutanen da za a kawo. Gasar talabijin tana iya ba mutum tashe a dare ɗaya, ko ya ci ko ya faɗi. Amma ba ta da ikon ba shi shahara.

3.0 Tsarin Gasar da Abin da Take Sayarwa

Gasar neman masu fasaha ta daɗe a gidajen rediyo da talabijin, amma siffarta ta zamani ta kafu ne a Ingila a shekarar 2001, lokacin da Simon Fuller ya ƙirƙiro shirin Pop Idol. A 2002 aka kai shi Amurka da sunan American Idol. Simon Cowell, wanda ya yi alƙalanci a shirye-shiryen biyu, ya kafa nasa, watau The X Factor a 2004 da Britain's Got Talent a 2007. Daga nan aka yi ta sayar da tsarin ga ƙasashe, har ya iso Afirka ta Yamma, inda aka yi Idols West Africa a 2007.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Dubban mutane kan taru a manyan garuruwa domin a gwada su. Ma'aikatan shirin ne suke fara tantance su, sa'an nan a gabatar da kaɗan daga ciki gaban alƙalai da na'urar ɗaukar hoto. Waɗanda suka tsallake sai su shiga zagayen da ake yi mako-mako, 'yan kallo suna jefa ƙuri'a ta waya, ana zubar da mai ƙarancin ƙuri'a, har a bar mutum ɗaya. Shi ne akan ba yarjejeniyar buga faifai ko kuɗi, ko duka biyu.

A nan akwai abin lura. Gidan talabijin kasuwa yake ci, hajarsa kuwa ita ce yawan masu kallo, domin da yawansu ne yake yi wa masu talla ciniki. Saboda haka abin da shirin yake nema shi ne duk wanda zai hana mai kallo tashi daga wurin zamansa, ko da kuwa ba muryarsa ce ta zaunar da shi ba. Wannan ne ya sa ma'aikatan da ke tantancewa sukan bar wanda suka san bai iya ba ya wuce gaban alƙalai, don a sami abin dariya. Shi ne kuma ya sa kafin mutum ya buɗe baki akan nuna garinsu da danginsa da wahalar da ya sha. Idan aka yi makonni ana haka, mai kallo ya san wanda ya zo na bakwai kamar yadda ya san na ɗaya. Ke nan ranar da aka sallami mutum, yakan fita da wani jari da kamfanonin waƙa suke kashe dukiya mai yawa kafin su samar wa sabon mawaƙi, watau a san fuskarsa da sunansa da labarinsa.

4.0 Me Ke Kayar da Gwani?

Ƙuri'ar irin wannan gasa ba ta auna fasaha kaɗai. Da farko, a shekarun farko na American Idol mutum ɗaya yana iya buga waya sau da yawa a dare ɗaya, don haka wanda yake da magoya baya kaɗan masu naci yana iya rinjayar mai magoya baya da yawa masu sanyin jiki. Na biyu, idan mutane suka tabbata gwaninsu ba zai faɗi ba, sukan yi sakaci, su kai ƙuri'arsu ga wanda suke ganin yana bakin rami. Na uku, idan aka sami mutum biyu ko uku masu salo iri ɗaya, sai su raba ƙuri'ar masu son wannan salo, kowa ya tashi da kaɗan.

Abin da ya sami Jennifer Hudson a watan Afrilu na 2004 misali ne da aka daɗe ana gardama a kansa. A wannan mako, mutum ukun da suka zo ƙasa a ƙuri'a su ne ita da Fantasia Barrino da LaToya London, dukkansu baƙaƙen mata masu ƙarfin murya, waɗanda alƙalai suka fi yabawa. Waɗansu suka ce rabuwar ƙuri'a ce. Waɗansu kuma, cikinsu har da mawaƙin nan na Ingila Elton John, suka ce akwai wariyar launin fata a ciki. Ko ma wane ne gaskiya, hayaniyar da aka yi ta ƙara wa Hudson suna. Wanda jama'a suka yi imani an zalunta, sun fi riƙe shi a zuci bisa ga wanda suka ga an biya shi hakkinsa.

5.0 Hanyoyin da Aka Bi

5.1 Hanyar Dariya

An haifi William Hung a Hong Kong a 1983, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro. Lokacin gasar yana karatun injiniyan gine-gine a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Waƙar da ya ɗauko ta Ricky Martin ce, kuma babu mai musun cewa bai rera ta daidai ba. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne amsar da ya bayar bayan an muzanta shi. Yawancin waɗanda aka kora kan fita da zagi ko kuka. Shi kuwa ya faɗa cikin natsuwa cewa bai taɓa samun horon waƙa ba, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma ba ya da-na-sani.

A lokacin ba a kafa YouTube ba, sai a 2005. Duk da haka magoya baya suka buɗe masa shafuna a intanet, manyan shirye-shiryen hira na talabijin suka yi ta gayyatarsa. Kamfanin Koch ya ɗauke shi, ya fitar da faifansa na farko mai suna Inspiration a watan Afrilu na 2004, aka sayar da wajen kwafe 200,000. Ya ƙara fitar da faifai biyu kafin ƙarshen 2005, amma kasuwarsu ba ta kama ƙafar na farko ba. A 2011 ya bar waƙa a matsayin sana'a, ya kama aikin nazarin alƙaluman laifuffuka a ofishin 'yan sanda na gundumar Los Angeles. Daga baya ya riƙa yin jawabai na ƙarfafa guiwa.

Masu nazari sun rabu biyu a kansa. Waɗansu suna ganin mutane sun so shi ne don ya nuna yadda ake faɗuwa ba tare da zubar da mutunci ba. Waɗansu kuma, musamman daga cikin Amurkawa 'yan asalin Asiya, suna ganin dariyar raini ce ake yi wa lafazinsa da kamanninsa, aka lulluɓe ta da rigar ƙauna. Mai yiwuwa duka biyun sun haɗu a cikin taron masu kallo. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, dariya ba ta maimaituwa. Abin da ya ba mutum dariya yau, gobe murmushi zai sa shi, jibi kuwa ko kallo ba zai yi ba. Tashen Hung wutar kara ce.

5.2 Hanyar Mamaki da Tausayi

Susan Boyle mutuniyar wani ƙaramin gari ce mai suna Blackburn a Sikotilan. Ta yi shekaru tana jinyar mahaifiyarta har ta rasu a 2007. Tana da shekara 47, ba ta da aikin yi, ta shiga gwajin Britain's Got Talent, aka nuna shi ranar 11 ga Afrilu, 2009. Da ta fito dandali ta ce burinta ta zama shahararriyar mawaƙiya, sai aka nuna fuskokin 'yan kallo suna yi mata kallon hadarin kaji. Da ta buɗe baki da wata waƙa daga wasan Les Misérables, sai ɗakin ya miƙe tsaye. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

A wannan karon YouTube ta kafu, don haka hoton ya zaga duniya cikin 'yan kwanaki, miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunan gasar ba suka gan shi. Amma a zagayen ƙarshe, ranar 30 ga Mayu, ƙungiyar 'yan rawa ta Diversity ce ta yi nasara, Boyle ta zo ta biyu. A watan Nuwamba na shekarar faifanta na farko ya fito, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, aka sayar da fiye da kwafe 400,000 a Birtaniya kaɗai cikin makon farko. Ta bambanta da Hung ta fuska guda: labarinta ne ya tara jama'a, amma da suka taru sun tarar da murya.

5.3 Hanyar Ubangida

Kamfanin da ya buga faifan Boyle shi ne Syco, na Simon Cowell, ɗaya daga cikin alƙalan da suka zauna a gabanta. Wannan yana nuna cewa akwai hukunci biyu a kowace gasa: na masu ƙuri'a, wanda ake shelantawa, da na masu dukiya, wanda ake yankewa a ofis. Kamar yadda makaɗin fada ba ya tsayawa sai da ubangida mai ɗaukar nauyinsa, haka mawaƙin zamani yake bukatar mai zuba masa kuɗi.

Babu misalin da ya kai na One Direction. Samari biyar ne, Harry Styles da Niall Horan da Zayn Malik da Liam Payne da Louis Tomlinson, kowa ya shiga The X Factor ta 2010 shi kaɗai, kowa kuma ya kasa tsallakewa. Masu shirin suka haɗa su ƙungiya ɗaya, suka mayar da su cikin gasa. A ƙarshe suka zo na uku, Matt Cardle ya ci. Watau sau biyu ke nan suna faɗuwa a shekara ɗaya. Amma Cowell ya ga yadda 'yan mata suke cincirindo a kansu, ya ɗauke su. Faifansu huɗu na farko kowanne ya fara da matsayi na ɗaya a jerin Billboard na Amurka, abin da wata ƙungiya ba ta taɓa yi ba kafin su. Sun dakatar da aiki tare a 2016.

5.4 Hanyar Sauya Fage

Wani lokaci baiwar mutum tana nan, fagen ne bai dace da ita ba. Jennifer Hudson 'yar Shikago ce, a coci ta koyi waƙa tun tana ƙarama, ta kuma yi aikin waƙa a jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa na kamfanin Disney kafin ta shiga gasa. Bayan faɗuwarta, a 2005 aka zaɓe ta daga cikin ɗaruruwan masu nema, cikinsu har da Fantasia Barrino wadda ta ci gasar da aka kayar da ita, domin ta fito a fim ɗin Dreamgirls. Matsayin da aka ba ta na wata mawaƙiya ce mai ƙarfin murya da aka ture gefe aka sa wata a gabanta. Masu kallo ba su bukaci a yi musu bayani ba. Fim ɗin ya fito a Disamba 2006, ta karɓi Oscar a Fabrairu 2007, sa'an nan Grammy a 2009. A 2022 ta shiga cikin 'yan tsirarun da suka haɗa manyan lambobi huɗu na Amurka, watau Emmy da Grammy da Oscar da Tony.

Haka nan Tiwa Savage, haifaffiyar Legas wadda ta girma a Landan. Ta yi amshi ga manyan mawaƙa irin su George Michael tun tana budurwa. A 2006 ta shiga The X Factor, ta kai cikin mutum 24 na ƙarshe, aka sallame ta kafin zagayen ƙuri'a. Leona Lewis ce ta ci a shekarar. Savage ta kammala karatun kiɗa a kwalejin Berklee ta Amurka, daga baya ta komo gida Nijeriya, inda kasuwar waƙar zamani take bunƙasa. Ta haɗa guiwa da kamfanin Mavin a 2012, ta fitar da faifanta na farko a 2013. A 2018 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar gwarzon mawaƙin Afirka a bikin MTV na Turai, kuma a watan Mayu na 2023 tana cikin waɗanda suka yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Uku, a ƙasar da aka sallame ta daga gasa shekara goma sha bakwai da suka wuce. A nan gida ma, Omawumi ta zo ta biyu a bayan Timi Dakolo a Idols West Africa ta 2007, ta kuma gina sunanta a waƙa da fim.

6.0 Abin da Ke Mayar da Tashe Shahara

Idan aka jera waɗannan misalai, abubuwa uku ne suke fitowa fili. Na farko shi ne shirin da mutum ya yi tun kafin gasa. Hudson da Savage da Boyle duk sun shekara suna waƙa kafin kowa ya san su. Gasar ta yaye musu labule ne kawai. Hung kuwa da kansa ya ce bai sami horo ba, don haka da mamakin ya wuce babu abin da zai tsayar da jama'a. Na biyu shi ne hanzari. Shirin kan dawo kowace shekara da sababbin fuskoki, saboda haka wanda bai fitar da wani aiki ba kafin a fara sabuwar gasa, yana cikin haɗarin a manta da shi. Na uku shi ne mutum ya kuɓuta daga sunan gasar. Muddin ana gabatar da shi da cewa wane na gasa kaza, to aron suna yake yi. Ranar da aka daina jingina shi da ita, ranar ce ya mallaki nasa.

Akan ce wanda ya faɗi ya fi wanda ya ci 'yanci, domin na ɗaya yana ɗaure da yarjejeniya, ana gaggauta masa faifai, ana zaɓa masa waƙa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba, domin waɗanda suka yi nisa a gasa su ma sukan sa hannu a takardun da ke ba masu shirin damar ɗaukarsu kafin kowa. Haka kuma kada mai karatu ya ɗauka cin gasa hasara ce. Kelly Clarkson, wadda ta ci American Idol ta farko a 2002, da Carrie Underwood ta 2005, da Fantasia kanta, duk sun shahara. Ya kuma kamata a tuna cewa waɗanda aka ambata a nan tsiraru ne ƙwarai. Dubban da aka sallama sun koma gida babu mai tuna su, waɗansu ma da tabon muzantawa a gaban duniya.

Ko ga waɗanda suka dace, abin yana da farashi. Kashegarin zagayen ƙarshe sai da aka kwantar da Susan Boyle a wata asibiti a Landan saboda gajiya da matsin 'yan jarida. Mace ce da ta saba da zaman kaɗaici a ƙaramin gari, aka wayi gari duniya tana ƙofar gidanta cikin mako bakwai. A 2013 ta bayyana cewa likitoci sun gano tana da lalurar Asperger, wadda kan sa mu'amala da mutane ta yi wa mai ita nauyi. Wannan ya sa aka riƙa tambaya game da hakkin da ke wuyan masu shirya gasa a kan mutanen da suke cin kasuwa da labarinsu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gasar nuna fasaha tana da fuska biyu. A fili, hanya ce ta fitar da gwani ɗaya. A ɓoye kuwa, kasuwa ce ta tara idon jama'a, kuma duk wanda ya tsaya a dandalinta yakan sami rabonsa na wannan ido, ko ta hanyar dariya, ko tausayi, ko jin an zalunce shi. Abin da ya yi da rabon shi ne ke raba tashe da shahara. William Hung da Jennifer Hudson gasa ɗaya ta kayar da su a shekara ɗaya. A watannin farko na 2004 sunan Hung ya fi nata yawo nesa ba kusa ba. Bayan shekara ashirin, shi ana tuna shi da 'yan mintocin nan da ya tsaya gaban alƙalai, ita kuwa sai an tuna wa mutane cewa ta taɓa zuwa ta bakwai.

Ga ɗaliban adabi akwai abin nazari a nan. Yadda ake gina labarin wanda aka raina ya zo ya ba da mamaki, da yadda jama'a suke goyon bayan wanda aka ture, jigogi ne da suka saba gani a tatsuniya, irin ta marainiyar da kishiyar uwa ta wulaƙanta, ta ƙare a gidan sarki. Masu shirya gasar sun gane cewa wannan jigo yana sayuwa, suka ɗora shi a kan mutane masu rai. Bambancin kawai shi ne, tatsuniya tana ƙarewa da ƙurunƙus, shi kuwa ɗan gasa yana da sauran rayuwa a gabansa bayan an kashe fitilun dandali.